Bit Nawa Lamba Ke Buƙata? Faɗin Cikakkiyar Lamba Marar Alama da Misalai Daga Gaya da Ajingi

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake gano adadin bit ɗin da cikakkiyar lamba marar alama ke buƙata kafin ta zauna daidai a ma'ajiyar kwamfuta. An ɗauko misalan daga alƙaluman ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi na jihar Kano, da kuma lambobin da mutanen yankin ke mu'amala da su kullum, kamar lambar waya da lambar shaidar zama ɗan ƙasa. Lissafin kansa mai sauƙi ne, amma akwai wuraren da ake yin tuntuɓe a cikinsa, kuma kuskure a nan yakan ɓatar da bayanan jama'a ba tare da an ankara ba.

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa cike takardar buɗe asusun banki ya san ƙananan akwatunan nan da ake jerawa, kowace lamba da gidanta. Idan akwatunan goma ne, lambar da za a rubuta kuwa mai gurbi goma sha ɗaya ce, ma'aikaci yakan saƙala ta ƙarshen a gefen takarda, aiki ya ci gaba. Kwamfuta ba ta da gefen takarda. Guraben da aka yanka mata tun farko su ke nan. Abin da ya haura su, ko dai ta ƙi karɓa, ko ta datse shi ta watsar, ko kuma ta zagayo ta fara ƙirga daga sifiri, kuma sau da yawa ba ta sanar da kowa. Saboda haka mai rubuta manhaja ba ya da makawa sai ya amsa tambaya ɗaya kafin ya yanka gurbi: wannan lamba, bit nawa za ta ci?

Gaya da Ajingi maƙwabtan juna ne a gabashin jihar Kano, kuma tare da Albasu suke da wakili guda a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Gaya tsohon gari ne, wanda tarihin baka ya ce daga cikinsa maƙeran Abagayawa suka tashi suka nufi Dala neman tama. Ƙidayar shekarar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Gaya mutum sama da 200,000, Ajingi kuma sama da 170,000, kuma kowacce tana da mazaɓu goma. A ɗauka an ba wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta na jami'ar Wudil, wadda ke kusa da su, aikin tsara rumbun bayanai na mazauna waɗannan ƙananan hukumomi biyu. Lambobin da zai ci karo da su sun isa su bayyana batun gaba ɗayansa.

2.0 Bit da Lamba Marar Alama

Bit shi ne gurbi mafi ƙanƙanta a ma'ajiyar kwamfuta, kuma abu biyu kawai yake iya ɗauka, 0 ko 1, tamkar makunnin fitila da ba ya wuce kunne ko kashe. Masanin lissafi John Tukey ne ya ƙirƙiro sunan, Claude Shannon kuma ya yaɗa shi a maƙalarsa ta 1948 a kan lissafin sadarwa. A ƙirgar da aka saba mai tushe goma, darajar gurabe daga dama zuwa hagu ita ce 1, 10, 100, 1,000. A ƙirga mai tushe biyu kuwa, darajar tasu ita ce 1, 2, 4, 8, 16, 32, kowane gurbi ninkin na damansa. Mazaɓu goma na Gaya, alal misali, ana rubuta adadinsu 1010, wato takwas da biyu. Mazaɓu ashirin na Gaya da Ajingi a haɗe kuwa 10100 ne, wato goma sha shida da huɗu.

Duk bit ɗin da aka ƙara yana ninka yawan siffofin da za a iya samarwa. Bit biyu suna ba da siffa huɗu, uku su ba da takwas, huɗu su ba da goma sha shida. Wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Masu bugun ƙasa suna da siffofi goma sha shida, kowace siffa layi huɗu ce, kowane layi kuma ɗigo ɗaya ne ko biyu. Hukuncin sana'ar tasu wani fage ne daban, amma lissafin da ya tsayar da siffofin a goma sha shida cif shi ne dai lissafin bit huɗu.

Cikakkiyar lamba ita ce wadda ba ta da ɓari, kamar 7 ko 44. Idan aka ce marar alama, ana nufin ba a tanadar mata alamar ƙasa da sifiri ba, don haka daga sifiri take farawa ta yi sama. Bit takwas, waɗanda ake kira bayit guda, suna ba da siffa 256. Idan lambar marar alama ce, za su ɗauki 0 zuwa 255. Idan mai alama ce, rabin siffofin sun tafi ga lambobin ƙasa da sifiri, sai a sami −128 zuwa 127. Iyakar marar alama mai bit 16 ita ce 65,535, mai bit 32 kuma 4,294,967,295, mai bit 64 kuwa 18,446,744,073,709,551,615.

3.0 Hanyar Rabawa Biyu

Hanya mafi aminci ba ta buƙatar na'ura. A ɗauki lambar a raba ta biyu, a yar da ragowa, a sake raba abin da aka samu, har sai an iso sifiri. Yawan rabawar da aka yi shi ne yawan bit ɗin. Ƙananan hukumomin Kano 44 ne: 44 ya koma 22, sai 11, sai 5, sai 2, sai 1, sai 0. Rabawa shida ke nan, bit shida. Wanda ya adana ragowar kowace rabawa, ya karanta su daga ta ƙarshe zuwa ta farko, zai ga 101100, wato 32 da 8 da 4.

Dalilin da ya sa hanyar ke aiki a fili yake. A ƙirga mai tushe goma, raba lamba da goma tare da yar da ragowa yana cire gurbinta na ƙarshe: 2006 ya koma 200, sai 20, sai 2, sai 0, rabawa huɗu daidai da gurabe huɗu. A tushe biyu, rabawa biyu ce ke wannan aiki. Shi ya sa a cikin manhaja ake yin rabawar ta hanyar gusar da dukkan bit ɗin mataki ɗaya zuwa dama, na ƙarshen ya faɗi, ana ƙirga gusarwar har lambar ta ƙare.

Ga mutum 200,000 na Gaya, jerin zai tafi haka: 100,000, 50,000, 25,000, 12,500, 6,250, 3,125, 1,562, 781, 390, 195, 97, 48, 24, 12, 6, 3, 1, 0. Rabawa 18. Akwai gajeriyar hanya ga wanda ya haddace matakan ninkin biyu. Lamba tana buƙatar bit 18 muddin ta kai 2¹⁷, wato 131,072, amma ba ta kai 2¹⁸, wato 262,144, ba. Gaya da Ajingi duk a wannan tsakani suka faɗa. Ko da an yi gardama a kan ainihin adadin, kamar yadda aka saba yi a kan kowace ƙidaya a Nijeriya, bambancin mutum dubu biyar ko goma ba zai taɓa amsar ba. Amma da zarar an tara su biyun, jimillar ta haura 370,000, ta tsallake 262,144, sai ta nemi bit 19. Jihar Kano mai mutum sama da miliyan tara a waccan ƙidaya tana buƙatar bit 24, Nijeriya mai sama da miliyan 140 kuma bit 28.

Akwai kuma ƙiyasin ka wanda ke da amfani a lokacin gaggawa. Tunda 2¹⁰ daidai yake da 1,024, wanda ya yi kusa da dubu, kowane gurabe uku na tushe goma suna cin kusan bit goma, gurbi ɗaya kuma kusan 3.32. Ƙananan hukumomin Nijeriya 774 suna shiga bit goma, mazaɓun Kano 484 kuma bit tara.

Manyan harsunan rubuta manhaja sun tanadi wannan aiki a shirye. Python yana da bit_length, Go yana da bits.Len, C++ kuma ya samu std::bit_width a fitowarsa ta 2020. Wasu harsunan, kamar Java da JavaScript, suna ƙirga sifirorin da ke gaban lambar ne ta hagu, sai a ɗebe adadinsu daga faɗin gurbin. Lambar 200,000 a cikin gurbi mai bit 32 tana da sifiri 14 a gabanta, kuma 32 a ɗebe 14 ya bar 18.

4.0 Wuraren Tuntuɓe

Littattafan lissafi suna ba da amsar ta hanyar logaridim mai tushe biyu, wato adadin da za a ninka biyu a kan kanta kafin a kai lambar. Ƙa'idar ita ce a ɗauki logaridim ɗin, a yar da ɓarinsa, a ƙara ɗaya. Logaridim ɗin 44 ya ɗan haura 5.4, a yar da ɓari saura 5, a ƙara ɗaya ya zama 6. Ɗalibai da yawa sukan ga kamar cike ɓarin zuwa sama ya wadatar, kuma a mafi yawan lambobi amsar takan zo ɗaya. Inda asirin ke tonuwa shi ne a kan matakan ninkin biyu su kansu. Logaridim ɗin 8 daidai yake da 3, ba ɓarin da za a cike, alhali 8 a tushe biyu 1000 ne, gurbi huɗu. Manhajar da aka rubuta da wannan kuskure za ta iya wuce gwaji ɗari lafiya, ta faɗi a ranar da aka ba ta 256 ko 1,024.

Tushen ruɗanin shi ne tambayoyi biyu ne masu kama da juna. Ɗaya ita ce bit nawa ake buƙata don a bambance abubuwa kaza, ɗayar kuma bit nawa ake buƙata don a rubuta lamba kaza. Siffofin bugun ƙasa goma sha shida suna shiga bit huɗu idan aka laƙaba musu lambobi daga 0 zuwa 15. Amma ita kanta lambar 16 ana rubuta ta 10000, bit biyar. Haka makarantar da ke da ɗalibai 256 za ta iya ba kowanensu lamba a cikin bayit guda, daga 0 zuwa 255, amma idan aka nemi ajiye jimillarsu a cikin bayit ɗin, abin da zai fito shi ne sifiri.

Shi kansa sifiri matsala ce ta daban. Ba shi da logaridim. Hanyar rabawa tana ba shi amsa 0, kuma haka Python da Go da C++ suke amsawa, alhali wanda zai rubuta shi a takarda ko a ma'ajiya sai ya ba shi aƙalla gurbi ɗaya. A mafassarin GCC na harshen C kuwa, umarnin ƙirga sifirorin gaba ba shi da tabbatacciyar amsa idan aka ba shi sifiri. Dole mai rubuta manhaja ya yanke hukunci a kan sifiri da kansa, ya rubuta shi a fili.

Tuntuɓe na ƙarshe ya fi ɓoyuwa. Kwamfuta tana lissafa logaridim ne da lambobi masu ɗigo, waɗanda a tsarin da aka fi amfani da shi ba sa riƙe fiye da bit 53 na ainihin lambar. Idan aka ba ta iyakar bit 64, wato 18,446,744,073,709,551,615, sai ta cike ta zuwa 2⁶⁴ kafin ta fara lissafi, logaridim ya fito 64, a ƙara ɗaya ya zama 65. Amsar gaskiya 64 ce. Ƙa'idar logaridim tana da kyau a kan allo, amma a cikin manhaja gara a tsaya ga rabawa ko ga kayan aikin da harshen ya tanada.

5.0 Lambar Shaida, Kuɗi da Tumbatsa

A aikace ba a cika yanka gurbi mai bit 18 ba. Na'urori sun fi sabawa da 8, 16, 32 da 64, don haka sai a zaɓi mafi ƙanƙanta daga cikinsu da zai ɗauki lambar. Yawan mutanen Gaya ya fi ƙarfin 16, sai 32. Wannan iyaka ta 16 ta taɓa yin ɓarna a fili. Tsohon tsarin fayil na Excel ba ya wuce layi 65,536, kuma a watan Oktoba na 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa sakamakon mutum 15,841 masu ɗauke da cutar korona ya salwanta daga rahotanninta saboda an yi amfani da wannan tsari. Ba a bibiyi waɗanda suka cuɗanya da su a kan lokaci ba. Da za a jera sunayen mutanen Ajingi kaɗai a irin wannan fayil, fiye da rabinsu za su zube a ƙasa.

Lambar shaidar zama ɗan ƙasa, wadda tun daga Disamban 2020 aka wajabta haɗa ta da layin waya, gurbi 11 gare ta, haka ma lambar tantancewa ta banki da aka ƙaddamar a 2014. Mafi girman lamba mai gurbi 11 ita ce 99,999,999,999. Ta haura 2³⁶, wato 68,719,476,736, ba ta kuma kai 2³⁷ ba, saboda haka bit 37 take buƙata. Iyakar bit 32 kuwa gurbi goma ce kawai. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Lambar waya ma haka take. Idan aka cire sifirin farko, layin da ya fara da 0803 ya zama biliyan takwas da ɗoriya, bit 33, wanda ya fara da 090 kuma ya haura biliyan tara, bit 34.

Sai dai a nan akwai abin da ya fi faɗin gurbi muhimmanci. Ba wanda ke tara lambobin waya biyu ko ya raba lambar asusu gida uku. Irin waɗannan lambobi sunaye ne da aka rubuta da alƙaluma. Idan aka ajiye su a matsayin adadi, sifirin farko yakan ɓace, domin a lissafi 0803 da 803 abu ɗaya ne, kuma asusun banki mai gurbi goma da ya fara da sifiri zai dawo da gurbi tara. Abin da ya dace shi ne a ajiye su a matsayin rubutu, ko da hakan ya fi cin wuri.

Kuɗi kuwa adadi ne na gaske, kuma an saba ajiye shi da kwabo don a kauce wa ɓari. Gurbi marar alama mai bit 32 yana cika a kwabo 4,294,967,295, wato naira 42,949,672 da kwabo 95. A darajar naira ta yau, cinikin babban ɗan kasuwar hatsi a kaka ɗaya yana iya wuce haka. Ninkawa ta fi tarawa haɗari. Tara lambobi biyu ba ya ƙara fiye da bit ɗaya a kan babbarsu, amma ninka su yana iya haɗa faɗinsu. A ce za a ba mutum 200,000 naira 25,000 kowannensu. Lambar farko bit 18 ce, ta biyu 15, kowacce ta zauna lafiya a cikin 32, amma sakamakon naira biliyan biyar ne, bit 33. A harshen C, lamba marar alama idan ta tumbatsa zagayowa take yi, sai allo ya nuna 705,032,704 ba tare da wani gargaɗi ba.

Ta ƙasa ma ana tumbatsa. Idan aka ɗebe 200,000 na Gaya daga 170,000 na Ajingi a gurbi marar alama mai bit 32, ba wurin ajiye −30,000, sai amsa ta fito 4,294,937,296. Wannan ya sa masu rubuta manhaja da yawa suke ƙin amfani da marar alama ga duk adadin da wata rana za a yi ɗebewa a kansa, kamar buhunan taki a rumbu, ko da kuwa a hankalce adadin ba ya sauka ƙasa da sifiri.

Lambar da ke girma da tafiyar zamani tana buƙatar a duba inda za ta kai, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Tauraron ɗan'adam na GPS, wanda wayoyi ke dogaro da shi wajen gano wuri da lokaci, yana ƙirga makonni daga 6 ga Janairun 1980 a cikin bit goma. Mako 1,024 bai cika shekara ashirin ba, don haka ƙirgar ta koma sifiri a Agustan 1999, ta sake komawa a 6 ga Afrilun 2019, inda wasu tsofaffin na'urori suka riƙa nuna kwanan wata na baya. Sabon tsarin saƙon ya ƙara bit uku kacal, sai wa'adin ya tashi zuwa mako 8,192, fiye da shekara 150.

6.0 Haruffa Masu Ƙugiya

Kowane harafi a kwamfuta lamba ce marar alama. Tsarin ASCII na Amurka, wanda ya fito a 1963, bit bakwai ya tanada, wato gurabe 128, kuma an cike su da haruffan Ingilishi da alƙaluma da alamomin rubutu. Sunayen Gaya da Ajingi suna shiga ciki ba wahala: G lambarsa 71, y kuma 121. Amma da zarar an rubuta Ƙaramar Hukumar Gaya, harafin farko ya fita daga iyaka. A tsarin Unicode, lambar Ƙ ita ce 408, ta ƙ 409, duka bit tara. Lambar ɓ 595 ce, ta ɗ 599, bit goma ke nan. Babu ɗayansu da ke shiga bayit guda.

Wannan ne ya sa marubutan Hausa suka daɗe suna fama da rubutun da ke komawa alamar tambaya ko ƙananan akwatuna idan ya bar kwamfutar mai shi, har wasu suka haƙura suka riƙa rubuta k' da d' da b', wasu kuma suka yar da ƙugiyar baki ɗaya, ƙasa da kasa suka zama abu ɗaya a ido. Tsarin UTF-8 ya warware matsalar ta barin faɗin ya bi girman lambar. Harafin da bai wuce bit bakwai ba yana cin bayit ɗaya, wanda bai wuce 11 ba yana cin biyu. Haruffa masu ƙugiya suna cikin wannan rukuni na biyu, haka ma ainihin haruffan Larabci da aka gina ajami a kansu, waɗanda lambobinsu suka fara daga 1,536. Saboda haka gurbin suna da aka auna da bayit ashirin ba zai ɗauki harafin Hausa ashirin ba idan akwai masu ƙugiya a ciki, kuma sunan da ya fara da Ɗan yana iya rasa harafinsa na ƙarshe. Alamar naira, ₦, lambarta 8,358 ce, bit 14, kuma tana cin bayit uku.